Ingila ko Faransa: wacce za ka ɗauka in furojet ɗinka a kan 'yancin mutum ne da iyakar ikon gwamnati?

Duk ɗalibin tarihi ko kimiyyar siyasa ko shari'a da ya ce zai yi furojet a kan yadda aka fara taka wa masu mulki burki, kusan kullum wuri biyu yake tsayawa, ko dai Ingila da Magna Carta ɗinta, ko kuma Faransa da sanarwar 'yancin ɗan Adam ta 1789. Kuma sufabaiza ba zai bari ka haɗa su ba, cewa zai yi abin ya yi faɗi, je ka zaɓi ɗaya ka dawo. To ni dai bari in faɗa maka matsayata tun yanzu kada in ja ka da nisa, Ingila nake ba mutane shawara su ɗauka, amma ba kowa ba, kuma ba don Turawan Ingila sun fi na Faransa tausayi ba, ko kaɗan wallahi.

Mu fara da Magna Carta tunda ita ce kowa ya haddace sunanta. A watan Yuni na 1215 aka yi ta, a wani fili da ake kira Runnymede a bakin kogin Thames. Sarki John na Ingila ya yi asarar yankin Normandy da ke Faransa a 1204, ya yi ta tatsar manyan masu ƙasa kuɗi don ya ƙwato ta, aka sake lallasa ɓangarensa a yaƙin Bouvines a 1214, sai manyan nan suka ce sun gaji, suka ɗau makamai suka shiga Landan, dole ya zauna da su. Kenan ba taron masu kare haƙƙin ɗan Adam ba ne, sulhu ne tsakanin sarki da hakimansa da suka yi masa bore. In ka buɗe takardar za ka sha mamaki, a cikin sassa 63 ɗin nan akwai maganar gado, da bashi, da daji, da cewa kada a tilasta wa matar da mijinta ya mutu ta sake aure, har da cire tarkon kifi daga kogin Thames da Medway. Abin da duniya take yi wa tafi sassa biyu ne a tsakiya, na 39 da ya ce ba za a kama ɗa mai 'yanci ko a ɗaure shi ko a ƙwace masa dukiya ko a kore shi daga ƙasa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa, da na 40 da sarki ya yi alƙawarin ba zai sayar da adalci ba, ba zai hana shi ba, ba zai jinkirta shi ba. Manoma masu ɗimbin yawa da ke ɗaure da gonar ubangidansu ba sa ma cikin lissafin masu 'yanci a lokacin. Kuma takardar ba ta yi wata uku ba Fafaroma Innocent na Uku ya soke ta a watan Agusta, aka koma yaƙi, John ya mutu a Oktoban 1216. Sake fitar da ita da aka yi a 1216 da 1217 da 1225 shi ya raya ta.

Saboda haka in ka tsaya a 1215 kaɗai furojet ɗinka zai fito ba nama. Naman yana ƙarni na 17.

A 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya ƙaƙaba wa mutane rancen dole, waɗanda suka ƙi biya ya sa aka kulle su. Biyar daga cikinsu suka je kotu suka nemi a gaya musu laifinsu, amsar da aka kawo wa alƙalai ita ce an tsare su ne bisa umarni na musamman daga sarki, shikenan, kuma alƙalan suka bar su a ciki. Wannan ne ya tunzura majalisa ta fito da takardar koke ta 1628 wadda Edward Coke, tsohon babban alƙali, ya ja gaba, ba haraji sai da yardar majalisa, ba ɗauri ba tare da an faɗi dalili ba, ba ajiye wa mutane sojoji a gidajensu dole. Charles ya sa hannu ya kuma ci gaba da halinsa, ƙarshe dai yaƙin basasa, aka sare masa kai a Janairun 1649. Amma abin da nake so ka lura da shi ba saran kan ba ne, dokar habeas corpus ce ta 1679. Habeas corpus umarni ne da alƙali ke aika wa duk wanda ke riƙe da mutum, kawo shi gabana ka faɗa min dalilin da ya sa kake tsare da shi. Umarnin ya daɗe da wanzuwa, matsalar ita ce masu gidan yari sun iya wasa da shi, yau a ce ba a ga takarda ba, gobe a ɗauke fursuna a kai shi wani kurkukun, ko a tsallakar da shi tsibirin Jersey inda takardar kotu ba ta isa da sauƙi. Dokar 1679 ta zo ta toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya. In wurin bai wuce mil 20 ba kwana 3 kake da shi ka kawo mutum, in bai wuce mil 100 ba kwana 10, in ya fi haka kwana 20. Mai gidan yarin da ya yi taurin kai tarar fam 100, in ya sake fam 200 kuma ya rasa aikinsa, alƙalin da ya ƙi ba da takardar lokacin hutun kotu fam 500, kuma wanda aka zalunta ake ba kuɗin. An hana tura fursuna ƙetare. Ka duba fa, babu wata magana mai daɗin ji a ciki, ba falsafa ba komai, kwanaki ne da mil da fam. Amma ita ce ta sa ma'aikaci ƙarami da aka ba umarni daga sama ya fara tunanin aljihunsa kafin ya juya makulli.

Sai kuma shari'o'i, nan ne ɓangaren Ingila ya fi daɗin rubutawa don labarai ne na mutane masu suna. A 1670 aka gurfanar da William Penn saboda wa'azi a kan titi a Landan, masu taya alƙali yanke hukunci su 12 suka ƙi cewa yana da laifin da ake so, alƙali ya sa aka kulle su dare biyu ba ci ba sha, suka kafe, aka ci su tara, ɗaya daga cikinsu Edward Bushel ya ce ba zai biya ba aka kai shi kurkuku, ya nemi habeas corpus, babbar kotu ta ce ba a hukunta su saboda hukuncin da suka yanke. A Nuwamban 1762 'yan saƙon sarki ƙarƙashin Nathan Carrington suka fasa gidan wani marubuci John Entick da waranti daga sakataren gwamnati Lord Halifax, suka yi awa huɗu suna bincike, suka fasa akwatuna suka kwashe takardu. Entick bai rubuta wa sarki koke ba, ƙarar su ya kai kamar yadda za ka kai ƙarar duk wani ƙato da ya haura maka katanga, kuma a 1765 alƙali Lord Camden ya yanke cewa in babu dokar da ta ba jami'in gwamnati izinin shiga gidan mutum to ba shi da izinin, ko wa ya aiko shi. Aka ba Entick diyyar fam 300. A 1772 kuma wani bawa ɗan Afirka James Somerset da ubangidansa ya ɗaure a jirgin ruwa zai kai shi Jamaika a sayar, da habeas corpus ɗin nan aka fito da shi, alƙali Lord Mansfield ya sake shi.

Kada dai ka ruɗe ka mai da furojet ɗin waƙar yabo. Somerset ya fita amma jiragen Liverpool da Bristol sun ci gaba da jigilar bayi har 1807, bautar kanta sai dokar 1833. Dokar haƙƙoƙi ta 1689 da aka yi bayan Sarki James na Biyu ya gudu, wadda ta hana sarki dakatar da doka ko karɓar haraji ko ajiye sojoji lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba, ta kuma hana beli mai tsauri da azaba ta rashin imani, ita ɗin ce ta haramta wa ɗan Katolika hawa gadon sarauta, 'yan Katolika ba su samu shiga majalisa ba sai 1829. Babban raunin tsarin ma shi ne an ɗaure sarki an saki majalisa, duk ranar da majalisa ta ga dama sai ta dakatar da habeas corpus, ta yi a 1794 ta yi a 1817, kuma majalisar nan 'yan tsiraru masu dukiya ne ke zaɓenta.

To mu tsallaka Faransa. Kafin juyin juya hali sarki yana da wata wasiƙa mai hatimi da ake ce wa lettre de cachet, da ita ake ɗauke mutum a kulle ba shari'a ba wa'adi, wani lokacin ma iyaye ne ke roƙo a ba su don a kulle musu ɗan da ya gagare su. Kurkukun Bastille ya zama alamar wannan, ko da yake ranar 14 ga Yulin 1789 da jama'a suka fasa shi fursuna 7 kacal aka tarar. Ranar 26 ga Agusta majalisa ta amince da sanarwar haƙƙin mutum da ɗan ƙasa, sassa 17, shafi ɗaya za ta cika, kuma gaskiya in ka karanta ta bayan ka gama fama da tarkon kifin Magna Carta sai ka ji kamar an buɗe maka taga. An haifi mutane da 'yanci kuma daidai suke a haƙƙi. 'Yanci shi ne ka yi duk abin da ba zai cutar da wani ba. Ba a kama mutum sai yadda doka ta tsara, kowa marar laifi ne har sai an tabbatar, ba a takura wa mutum saboda ra'ayinsa ko da na addini ne, kowa na iya magana ya rubuta ya buga. Sashe na 16 ma cewa ya yi al'ummar da ba ta tabbatar da haƙƙoƙi ba kuma ba ta raba iko ba to ba ta da tsarin mulki sam. Ba ta ce Bafaranshe ba, ba ta ce mai gona ba, mutum ta ce. Wannan shi ne abin da Ingila ba ta taɓa faɗa ba a duk shekarun nan, kuma ya yi aiki da wuri, 'yan Furotesta sun samu cikakken haƙƙi a ƙarshen 1789, Yahudawa a 1791, bayin Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, da suka tashi a 1791 sun riƙe maganar har Faransa ta soke bauta a 1794, shekara kusan 40 kafin Ingila.

Amma yi wa sanarwar tambaya ɗaya, in an kama ni yau da daddare gobe da safe ƙofar wa matata za ta buga? Babu amsa a ciki. Kamar an ba ka rasit ne mai kyau da hatimi amma ba a gaya maka shagon da za ka karɓi kayan ba. Kusan kowane haƙƙi an jingina shi da doka, doka kuma in ji sashe na 6 ita ce muradin jama'a baki ɗaya, to in masu rinjaye a majalisa suka yi dokar kama ka, wa zai ce musu a'a? Sashe na 7 da ya hana kamun zalunci shi ne kuma ya ce wanda aka kira da sunan doka ya bi nan take, in ya yi turjiya ya zama mai laifi. Kuma 'yan juyin ba su yarda da alƙalai ba, suna da dalilinsu, manyan kotunan zamanin sarki sun sha tare gyare-gyare don kare gatan masu gata, shi ya sa dokar Agustan 1790 ta hana alƙalai sa baki a aikin hukuma kwata-kwata. Tsarin mulkin 1799 ya ƙara da cewa ba ka gurfanar da jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki sai Conseil d'État, majalisar mashawartan gwamnati, ta ba da izini, wannan sashe bai faɗi ba sai 1870. Ka ajiye wannan kusa da labarin Entick ka gani, a can ka kai ɗan saƙon minista kotu ka ci fam 300, a nan sai ka nemi izinin gwamnati kafin ka kai ƙarar ma'aikacinta.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi. An yanke wa Sarki Louis na 16 kai a Janairun 1793, a Satumba aka yi dokar waɗanda ake zargi, wadda ta ba kwamitocin unguwa damar kama mutum saboda halinsa ko abokansa ko maganarsa sun nuna ba ya tare da juyin. Dokar 10 ga Yunin 1794 ta cire lauya mai kare wanda ake tuhuma, ta bar wa kotun juyin hukunci biyu kawai, saki ko kisa, cikin kamar sati bakwai aka sare sama da mutum 1,300 a Paris kaɗai, kafin a kifar da Robespierre, jigon gwamnatin juyin, a ƙarshen Yuli shi ma a sare shi. A faɗin ƙasar hukuncin kisa na hukuma ya kai wajen 17,000. Olympe de Gouges da ta rubuta sanarwar haƙƙin mata a 1791 don ta ga an manta da su, a Nuwamban 1793 aka kashe ta. Napoleon ya dawo da bauta a 1802, ba a sake soke ta ba sai 1848. Ita kanta sanarwar 1789 ba ta zama abin da za a soke doka da shi ba sai da kotun tsarin mulkin Faransa ta yanke wani hukunci kan 'yancin kafa ƙungiya a Yulin 1971, shekara 182 kenan. A yi adalci dai, Conseil d'État ɗin nan daga baya ta rikiɗe ta zama kotu mai ƙarfi da ɗan ƙasa ke kai ƙarar hukuma ta soke matakin da ya wuce gona da iri, amma wannan labarin ƙarshen ƙarni na 19 ne zuwa na 20, ba na 'yan juyi ba.

Yanzu maganar da za ta fi amfanar ka ranar difens, wato ina abin ya taɓa mu, don tabbas wani lakcara zai jefo maka ita. Dukkan ƙasashen biyu da suka zo nan sun bar kyawawan takardunsu a gida. Ingila ta kama Sarkin Kano Alu a 1903 ta kai shi Yola sannan Lokoja inda ya rasu, ba wata kotu da ta tambayi dalili. Faransa kuma ta shimfiɗa tsarin indigénat a Nijar da sauran yankunanta, kwamanda Bature ya ɗaure mutum har kwana 15 ba alƙali ba shari'a, ga aikin tilas, duka ba a soke su ba sai 1946. Amma akwai Eshugbayi Eleko, sarkin Legas da gwamnatin mulkin mallaka ta tsige ta kore shi zuwa Oyo a 1925, lauyoyinsa suka bi ta habeas corpus har kotun ƙoli ta daular a Landan sau biyu, 1928 da 1931, aka ce gwamna ma dole ya kare matakinsa a gaban kotu, a 1931 ya koma Legas. Zaren bai tsinke ba, Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno da gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi a 1980 wai ba ɗan ƙasa ba ne, kotu ce a Maiduguri ta ba shi gaskiya. Sojoji ma da suka yi Doka ta 2 a 1984 abin da suka tabbatar sun toshe shi ne hanyar kotu ta tambayi dalilin tsare mutum, sun san inda ƙarfin yake. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 da ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, ai kana ganinsa ka ga jikan dokar 1679, har lissafin nisan. Ko ana bin sa a ofishin 'yan sanda wannan kuma wani furojet ɗin ne daban.

Shi ya sa ɗalibin Najeriya, musamman na shari'a, nake cewa ya ɗauki Ingila, babinka na ƙarshe zai rubuta kansa, kuma kayan aikin duk da Turanci suke, hukunce-hukuncen nan suna intanet kyauta. Sharaɗi ɗaya, kada ka ce daga 1215 zuwa 1772, shekara sama da 550 ce za ta haɗiye ka, ka yanke daga 1627 zuwa 1679, Magna Carta ta zauna a gabatarwa a matsayin tsohuwar takardar da su Coke suka kakkaɓe wa ƙura suka ɗora mata ma'anar da masu ita ba su nufa ba.

Faransa kuma ta wanda tambayarsa ta bambanta ce. In abin da ke cin ranki, ke 'yar'uwa, shi ne me ya sa aka ce kowa amma aka bar mata a waje har sai 1944 suka samu ƙuri'a, ko kai kana son bin yadda bayi da 'yan mulkin mallaka suka ɗauki maganar Bature suka juya masa ita, daga Haiti da ta samu 'yanci a 1804 har zuwa 'yan majalisar Afirka irin su Lamine Guèye da Houphouët-Boigny da dokokin 1946 ke ɗauke da sunayensu, to Ingila ba za ta ba ka wannan ba. Tana kuma da sauƙin iyaka, 1789 zuwa 1794 shekara biyar ce cif, sai dai shekaru ne masu cunkoso, ƙungiyoyi da sunaye da kalandar da suka canza wa watanni suna za su iya cinye maka babi guda kafin ka iso kan maudu'in. Ga kuma harshe, sanarwar an fassara ta ko'ina amma muhawarar majalisa da yawancin dokokin da Faransanci za ka same su. Ɗalibin da ke Yamai ko Damagaram ko Maraɗi wannan ba matsalarsa ba ce, shi lissafin juyawa yake yi gaba ɗaya, tsarin kotunan ƙasarsa daga can aka gado shi, kuma indigénat abu ne da kakanninsa suka ɗanɗana, yana iya samun tsofaffin da suka ji labarin aikin tilas daga bakin iyayensu ya yi hira da su. Shi kam ya ɗauki Faransa, ya sa sanarwar 1789 a babi na biyu, kwana 15 na kwamanda a babi na uku.